Nas Ɗin Da Ta Ce Wa Murnarmu Tukuna

Kafin masu shara su gama goge ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, ta iso. Sai ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta wanke hannu, ta murza tafukanta su yi ɗumi, sannan ta bi gado-gado tana taɓa cikin marasa lafiya. Nas ce, amma kowa Anti Tukuna yake kiranta, don kalmar ba ta barin bakinta. In sha ruwa? Tukuna. In tashi zaune? Tukuna.

Ni na san nauyin kalmar nan. Ina shekarar ƙarshe a jami'a hanjina ya murɗe, jini ya daina kai masa. Likita ya yi aiki ya warware shi, ya fito ya ce wa 'yan gidanmu jini ya dawo. Baranda ta ɓarke da murna. Goggona har ta buɗe kwanon abinci, wai in ci in mai da jiki.

Anti ta tare ƙofa. "Goggo, rufe kwanonki. Tukuna."

"Ikon Allah! Likita da bakinsa ya ce jini ya dawo, ke kina mana tukuna?"

"Shi ɗin ne ya ce in sa ido. Kin taɓa zama a kan ƙafarki har ta sage? Yaushe take miki zugi?"

Goggo ta ce, "Sai na miƙe."

"To haka hanji yake, sai dai nasa ba wasa. Ƙananan jijiyoyinsa sun galabaita, jini ya afko musu gaba ɗaya ya ji musu ciwo. Sai su fara yoyo, hanjin ya kumbura. Abincin kuwa ki ci, na ga tun ɗazu kike hararar sa."

Har Goggon sai da ta yi dariya.

Washegari da hantsi, ina ta surutu wai na warke, ita kuwa tafinta ya ji cikina ya ɗaure. Ta duba fitsari ya ragu, ta auna jinina ya sauka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira likita, suka ƙara ruwa da magani, suka tare abin kafin ya kai ga yanke hanjin.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi ɗaci. Leɓena ya tsage, ita ke jiƙa shi da auduga. Na ji kawuna yana cewa karatun bana kam sai dai haƙuri. Na buɗe ido da kyar na ce masa, "Kawu, tukuna." Anti ta tafa. "Kun ji 'yar boko ta sace mini kalma!" Na rubuta jarrabawata da tabon ɗinki a ciki, na kuma ci.

Ke ce mai tare ƙofa, Anti. Kin yarda a ji haushinki yau don a yi murna gobe. Mun gode, Allah ya saka miki. Masu jinya na baya, ku koyi tsayawa bayan kowa ya ce an gama.

Ranar da ta aje aiki ta cire jakarta daga ƙusa, ta ce, "To, ni kam na gama." Mu da ta yi jinyarmu muka cika ƙofar, Goggo a gaba da kwanonta, muka haɗa baki:

"Anti, tukuna!"