Ƙwaya ta Shida a Sarƙar Halima

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Halima, amma har yau in na ga mace ta kai hannu wuya tana gyara zaman sarƙarta sai Halima ta faɗo mini a rai. Ƙawata ce, ta ɗan girme ni, don haka Yaya nake ce mata. A Kuala Lumpur muka haɗu, a jami'ar nan ta Jalan Semarak, ni ina fama da karatun gine-gine, ita kuma tana nata a kan zane da sarrafa ƙarafa. Korona ce ta ɗauke ta a shekara ta biyu ta annobar, kuma a can ƙasar aka binne ta.

Fita kasuwa da Yaya Halima sai mai haƙuri. Za mu tafi Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadin Sallah, abin da bai wuce a shiga a fito ba, sai ta hango wata tsohuwa 'yar Malay da abin maƙale mayafi a ƙirji. Shi ke nan an tsaya. Za ta gaishe ta da guntun yaren da ta iya, ta tambaye ta wa ya ba ta, ita kuma waccan wa ya ba ta. Ban taɓa jin ta tambayi kuɗin abu ba. Ni kuwa, Allah ya sani, in dai abu yana walƙiya ya gama da ni, ko da gwangwani aka yi shi. Takan ce idona na hankaka ne, ni kuma in ce mata ta mayar da kayan ado aikin alƙali.

Shekarar da ta gabaci annobar aka yi bikin naɗa sabon sarkin ƙasar, muka zauna kallo a talabijin a gidansu da ke Sentul. Ni ina lissafin motoci, ita ta matsa har hancinta na neman taɓa gilashin, tana jiran a nuno kan sarauniya.

"Kulu, bar motocin nan ki dubi kambin," in ji ta. "Kin ga wata da tauraro a tsakiya? Wannan lanƙwashe-lanƙwashen na gefe kuma gajimare ne mai tafiya, irin wanda suke sassaƙawa a ƙofofin gidajensu."

Ta bayyana mini cewa sarautar ƙasar zagayawa take yi tsakanin gidajen sarauta, kowane sarki ya yi wa'adinsa ya sauka, don haka kambin ba mallakar kowace mace ba ne. Wannan ta sa, ta cire, wata ta sa. Ta ce har kwance shi ana iya yi, ya koma abin wuya da abin maƙale mayafi, sannan a sake haɗa shi. Abin da ya fi burge ta ke nan, ba duwatsun da ke ƙyalli ba. Da aka gama ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon ƙyallen saƙi a ƙulle, ta ce bari in ga nasu kambin.

Gaskiya da ta kwance ban ga abin burgewa ba. Sarƙa ce ta ƙananan duwatsu a zaren auduga, da manyan ƙwayoyi biyar da ba su dace da juna ba ko kaɗan. Sai da ta fara magana na gane abin da nake kallo. A gidansu, kowace mace da sarƙar ta zo hannunta sai ta ƙara ƙwaya ɗaya da ta zaɓa da kanta kafin ta miƙa wa 'yarta, kuma a jere suke, daga ta fari zuwa ta ƙarshe. Akwai tsakiya, irin dutsen adon nan na matan da, wadda wata kaka ta dawo da ita daga hajjin ƙafa, da murjani daga hannun fatake, da azurfar da maƙerin fari ya narka daga tsohon kuɗi, da shuɗin dutse na Bida. Ta ƙarshe 'yar ƙwayar zinare ce ta mahaifiyarta, Hajiya Binta, wadda ta riga ta rasu. Ba a rubuta komai a ko'ina ba. Uwa ce ke faɗa wa 'ya da baki, tana taɓa kowace ƙwaya tana kiran sunan mai ita.

Na tambaye ta ina tata. Ta ce ita ba za ta saya ba, ai da hannunta za ta ƙera. Azurfa za ta yi, gefe ɗaya ta zana gajimaren Malay, ɗaya gefen dagin Arewa, tunda a tsakanin ƙasashen biyu ta raini 'yarta. Ta fara aikin a ɗakin ƙira na jami'a, tana yi tana gogewa, don ba ta da saurin gamsuwa. Ana cikin haka aka sa dokar kulle, aka garƙame ɗakin da kayan kowa a ciki.

'Yar tata, Safiyya, shekararta goma sha ɗaya a lokacin, kuma ita ce babbar damuwar uwar. Ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci, in ta ga dama ta ƙara da Malay. Halima takan zaunar da ita kitso tana jero mata sunayen kakannin nan da 'yar murya kamar mai rarrashin jariri, yarinya kuwa idonta na kan waya tana cewa, "Mama, slowly lah, zafi." Sau da yawa Halima ta ce mini tana tsoron a kanta abin zai tsaya. Ni kuma in ce mata ta cika gaggawa, yarinya za ta girma, akwai lokaci. Da zuciya ɗaya na faɗa, don haka nake gani.

Ciwon bai ɗauki lokaci ba. Motar asibiti ta zo ta tafi da ita, kuma daga ranar babu wanda ya sake taɓa hannunta cikinmu. Ma'aikata cikin fararen rigunan leda su suka yi mata sutura. Mijinta, Malam Bashir, da Safiyya suna killace a gida da abin hannun nan ruwan hoda da ake ɗaura wa wanda ya yi hulɗa da mai cutar. Tsakanin gidana da Sentul ba nisa, amma shingen 'yan sanda ya mayar da shi kamar wata ƙasa. Ta waya na yi ta'aziyya, ta waya na yi kuka.

A kwanakin nan ne Malam Bashir ya yi abin da har yau ba na iya ganin laifinsa. Mutum ne da ya rasa mata, ga 'ya ɗaya tilo a gabansa, kowa kuma yana cewa a wanke duk abin da mai cutar ya taɓa. Ya kwashi kayan da ke kan madubinta ya zuba a roba da ruwan bilic mai ƙarfi, har da sarƙar, ya manta da su. Da ya zo ɗagawa zaren ya tsinke a hannunsa. Azurfar ta yi baƙi, murjanin ya koɗe, duwatsu suka watse a gindin robar.

Da hantsi ya kira ni ta bidiyo, ya juya wayar ya nuna mini duwatsun zube a faranti.

"Hajiya Kulu, ke ce ta fi nuna wa. Don Allah wanne ne farko?"

Na san tsakiya ce farko, zinare ne ƙarshe. Ukun da ke tsakani kuwa suka cakuɗe mini, sunayen ma biyu kawai na kamo. Mun kira wata gwaggonta a Kano, tsufa ya riga ya ci ƙarfinta, ta yi ta tambayarmu yaushe Halima za ta zo. Na zauna riƙe da waya ina jin haushin kaina da na duniya. Duwatsun suna nan duka, amma matan da ke cikinsu suna neman ɓacewa a gabanmu.

Sai na ji wata 'yar murya daga bayan wayar. Safiyya ce, ta matso ta durƙusa gaban farantin, tana rerawa a hankali da karin nan na lokacin kitso: "Tabawa mai tsakiya, Dije mai murjani, Kande mai azurfa, Azumi mai shuɗi, Binta mai zinare." Ta kai ƙarshe ta ɗago ta dube ni.

"Anti, which one is murjani?"

Ashe duk ta haddace, ma'anar ce kawai ba ta sani ba. Ni na san duwatsun ban riƙe jerin ba, ita ta riƙe jerin ba ta san duwatsun ba. Haka muka yi aikin, tana kiran suna ina cewa ɗauki jan nan, ɗauki baƙin can, uban yana zura su a sabon zare da manyan yatsunsa da ba su saba ba. Ya soke kansa da allura ya fi a ƙirga, amma ya ci gaba da zurawa.

Da aka sassauta kulle aka buɗe jami'a, na raka su kwashe kayanta a ɗakin ƙira. A cikin aljihun teburinta muka sami ƙwayar, nannaɗe a tsumma. Gefen gajimaren ya kammala, layukan sun kwanta lumui, har mai idon hankaka ta san an yi aiki. Ɗaya gefen sumul yake, ko ɗigo ba ta kai ga sawa ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. An sake naɗa wani sarki a can, wata sarauniyar ta sa kambin nan dai, na kalla ni kaɗai a waya ina neman gajimaren da ta nuna mini. A nan gida kuma 'yan mata na sauya sarƙar zinare duk shekara, a kai tsohuwa a narke a karɓo sabon yayi. Na san za ta yi tsaki, sannan ta zauna ta tambayi kowace wa ya fara ba ta ɗan kunne, don faɗanta bai taɓa hana ta son mutane ba. Abin da na fi so ta gani shi ne Safiyya, wadda suka dawo Kano da mahaifinta, yanzu har ciniki take yi da Hausa, ko da yake "lah" ɗin bai sake ta ba.

Watan jiya na je gaishe su. Ta ɗauko ƙyallen saƙin nan ta kwance, sai na ga ta riga ta zura ƙwayar uwarta a bayan zinaren Hajiya Binta. Ni da karambanina na ce akwai maƙerin fari da na sani a cikin gari, in ta yarda mu kai masa ya zana dagin, ya kuma wanke baƙin azurfar Kande.

"A'a, Anti," in ji ta. "Kowa da hannunta take sa nata. Nan Mama ta tsaya. Baƙin kuma na Baba ne, a bar shi."

Digirin da Halima ta je nema ba ta karɓa ba, kabarinta kuma yana ƙasar da ba lallai mu sake takawa ba. Abin da ya rage mana nata ɗan kaɗan ne in a hannu za a auna, ƙwayar azurfa mai zane a gefe guda, da yarinyar da aka yi zaton ba ta saurare. Allah ya jiƙan Yaya Halima, ya kai haske kabarinta, ya jiƙan duk waɗanda annobar nan ta raba mu da su ba sallama.

Kafin in tashi Safiyya ta ɗora sarƙar a cinya, ta bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa tana kiran sunayen, Tabawa, Dije, Kande, Azumi, Binta. Da ta kai ta shida ta ɗan tsaya, ta juya ta gefen zanen ya kalli sama, sannan ta ce, "Halima mai gajimare."