Fitilar da na ƙi kashewa

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko wayata na sayar, tana nan. Tun bayan sunan Mubarak ban sake leƙowa ba, jinya ce ta ɓoye ni. Sai yau na ji zan iya magana.

Kafin Mubarak na haifi Hafsatu, ta rasu tana jaririya. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne, a cikin barci ta tafi, ɗaki da duhu, ina kwance a gefenta. Sai da asuba na gane.

Don haka da na haifi Mubarak, na sa maigidana ya ɗaura mini farin ƙwan sola a ɗakinmu na Kalgo, mai hasken da za ka tsinci allura. Dama ana bar wa mai jego fitila har ta yi arba'in, ba wanda ya ga laifina. Arba'in ta wuce, watanni suka ja, ni dai ƙwan nan yana ci har safe. Da na runtse ido sai in buɗe, in duba ko ƙirjin yaron yana motsi.

Da ciwon kai abin ya fara. Sai jiri, sai bugun zuciya, sai faɗa ba gaira ba dalili. Maigidana ya sha masifa, bawan Allah. Nono ma ya fara ja da baya.

Wata rana da hantsi ina shayar da Mubarak a tsakar gida, barci ya fizge ni, yaron ya sulale daga cinyata. Allah ya sa a kan tabarma nake zaune, bai ji ciwo ba. Ranar na tsorata da kaina, na ɗauka na fara taɓuwa.

Muka tafi asibiti a Birnin Kebbi. Yankan kati, bin layi, ɗibar jini, gwajin maleriya da taifot da suga, har kuɗin gwaji suka cinye ɗan abin da muka tanada. Babu komai sai jinina da ya hau.

Likitar da ta duba ni, wata dattijuwa, ta tambayi yadda ɗakina yake da dare. Na gaya mata komai, har da Hafsatu. Ta rubuta mini maganin hawan jini, ta ce muddin ido yana ganin haske, jiki ba ya yarda dare ya yi. Ta ce in kwana a duhu, in kuma nemi ƙyallen rufe ido, mai robar da ake zagayawa ta ƙeya.

Na ce, "Likita, in na rufe ido, wa zai duba mini shi?"

Ta ce, "Ba ki da uwa?"

Haka na tattara na tafi Masama, wurin Inna.

Ɗakinta na ƙasa yana nan yadda na bar shi, da 'yar tagarsa da ake toshewa da tsumma. Ina shiga ƙanshin ƙasa da turaren wuta ya mayar da ni ƙuruciya. A nan muke jeruwa a tabarma ni da ƙannena. Ana idar da isha'i Inna za ta hure fitilar ƙwai don kada kananzir ya ƙare, mu yi ta tatsuniya ba mai ganin fuskar wani, kwaɗi suna ta kukansu daga fadama. Ba na tuna ranar da wani ya kai ƙarshen tatsuniyarsa. Wallahi na yi kewar wannan barcin.

Da Inna ta ga ƙyallen sai da ta yi dariya har da tari, wai su da bakin zane suke rufe fuska, ba su sayi komai ba. Sannan ta ɗauki Mubarak ta ce, "Yi kwana, ɗiyata, ni ka tsaron shi. Kuma ki ji ni da kyau, ba duhu yat tahi da Hafsatu ba, kwananta na yaƙ ƙare."

Daren farko ƙyallen jiƙewa ya yi da hawaye. Inna tana ɗakin kusa tare da yaron, sai zai sha nono take kawo shi. A hankali barci ya dawo, har ran da na farka na ga rana ta take, nono ya jiƙa mini riga. Da muka koma awo, jinina ya sauka.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan, da maigidana mai haƙuri, da ku da kuka yi ta cigiyata. Inna kuwa, Allah ya saka miki da Aljanna.

Masu jego, in barci ya ƙaurace muku ku je asibiti, ku faɗi har abin da ke cikin ranku. Ku kashe farin ƙwai, ku ajiye waya, ku sa labule mai kauri. Kada ku rufe ido da ƙyalle jariri yana kan shimfiɗarku, sai da mai kula da shi. Neman taimako ba abin kunya ba ne.

Mun dawo Kalgo, Mubarak yana kwana a ɗan gadonsa cikin gidan sauro, ɗakin duhu ƙirin. Har yanzu nakan farka in kasa kunne. Sai in ji numfashinsa, in ce Allah ya jiƙan Hafsatu, in koma barci.