Takalman da Malam Yamusa Ya Sani

Duk wanda ya taɓa sallar azahar a ƙaramin masallacin nan na bayan ofisoshin Garki ya san Malam Yamusa. Shekara ashirin da biyu yana gindin darbejiya da akwatinsa na gyaran takalmi, basilla a hannu, zare a baki, mita kuwa ba a magana. Mutumin Malumfashi ne, kuma a ganinsa duk Abuja ba wanda ya iya sa takalmi. Darakta ma in ya kawo nasa, sai ya sha faɗa kafin a goge masa.

Wadda ta fi kowa shan faɗan ita ce 'yarsa Zakiyya. Tun tana firamare ba ta zura ƙafa ta gama, sai ta take bayan takalmin ta mai da shi silifa, musamman na hagu. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya sa fata mai tauri ya ɗinke, duk a banza. Haka ta gama jami'a, haka ta tafi bautar ƙasa Kalaba tana jan ƙafa.

Wata biyu da tafiyarta, babur ya kayar da shi a hanyar Karshi, inda gidansa yake, kansa ya bugu da dutse. Jini ya taru a kan, likitoci suka yi aiki suka kwashe shi. Kwana tara bai san inda yake ba. Zakiyya ta zo ta yi kwana biyar a bakin gado, hutun da aka ba ta ya ƙare, ta koma bai farka ba.

Allah ya tashi kafaɗarsa. Ƙafa ta dawo bayan wata uku ana motsa ta, hannu ya dawo, baki kuwa shi ya riga kowa dawowa, in ji matarsa Saudatu. Abu guda ne ya ƙi: gane fuska. Yana ganin ido da hanci da baki sarai, amma ba sa haɗuwa su zama wani da ya sani, sai in mutum ya yi magana. Ranar da ya koma aiki Saudatu ta biyo shi da abinci, ta tsaya a kansa shiru. Ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, gyara ne ko gogewa?" Ta yi dariya, sannan ta juya ta share ido da mayafi. Shekararsu ashirin da bakwai da aure. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Dakta Halimat, wadda ke duba shi duk wata, ba ta ɓoye masa komai ba.

"Baba, wannan ba ciwon ido ba ne, tabarau ba zai yi ba. Wurin da ke riƙe fuskoki ne ya taɓu. Zai iya ɗan dawowa, zai iya ƙin dawowa. Ka nemi wata alama. Me ka fi sani a jikin mutum?"

Yamusa ya kalli ƙasa. "Likita, takalminki na dama ya kusa ɓallewa."

"Shi ke nan, ka samu," in ji ta.

Tun daga nan ya koma gaisawa da ƙafafu. Liman yana cinye dunduniya ta waje. Oga Alexander na sashen fayil-fayil yana ɗaure igiya sau biyu. Mutanen wurin kuma suka kama masa. In Alexander ya yi sabon saye, kafin ya shiga ofis zai tsaya ya miƙa ƙafa: "Baba, na sayi sabon takalmi fa, duba shi da kyau, kar gobe ka ce ba ka san ni ba." Saudatu kuwa ta riƙe koriyar silifa guda, ko a tsakar gida ba ta sauya ta. Rayuwa ta miƙe, ya ci gaba da mitarsa cikin kwanciyar hankali.

Zakiyya ce kaɗai ta tsaya masa a rai. A waya cewa yake ya warke sarai, kuma ya hana a gaya mata sauran. Da bautar ƙasa ta zo ƙarshe, Saudatu ta ce, "Malam, bari in ce mata ta yi sallama tun daga nesa."

"A'a. Kowa na yarda ya faɗi sunansa. Ita dai ina so in riga ta."

Ya faɗa da ƙarfi, amma tsoro yake ji. Yarinya ta shekara tana karɓar alawus, ai ba da tsohon takalmi za ta dawo ba. Kada ya ce wa 'yar cikinsa Hajiya.

An ce ranar Alhamis za ta iso. Ranar Laraba, an idar da azahar, jama'a na watsewa, sai wata budurwa ta tsaya a gabansa da jaka, ba ta ce uffan ba. Fuskar kamar ta kowa. Ya sunkuyar da kai: baƙin takalmi sau-ciki, sabo fil, bai taɓa ganinsa ba. Har "Hajiya" ta zo bakinsa, sai ta ɗan gyara tsayuwa, ya hango bayan na hagu a kwance, an take shi ya lafe.

"Zakiyya! Takalmin da ko sati bai yi ba kin riga kin kashe shi?"

Ta saki jakar ta durƙusa tana kuka tana dariya. Ashe uwarta ta gaya mata komai tun tuni. Ta riga ranar da aka faɗa isowa, daga tasha nan ta nufo, kuma da ta iso tsoro ne ya hana ta buɗe baki.

Da ta natsu ta cire takalmin ta miƙa masa. "Baba, gyara mini. Wallahi na daina."

Malam Yamusa ya karɓa, ya juya shi, ya shafa wurin da ya lafe da babban yatsa. Sannan ya mai da basilla cikin akwati, ya ajiye mata takalmin a gaban ƙafarta.

"Bar shi haka," in ji shi. "Kada ki kuskura ki daina."