Giɓin Katangar Kaka Rabi

A gidanmu na Zongo, a Yamai, akwai giɓi a katanga mai faɗin da mota za ta wuce. Duk baƙon da ya zo sai ya tambayi abin da ya hana a gine shi. Mu yara ba ma tambaya, don mun sha jin amsar. Da an idar da magariba, Kaka Rabi takan hura wuta a gaban giɓin, kusa da wani baƙin tabo da ke ƙasa, ta aza kunu, mu kewaye ta. Tatsuniyoyi tana da su buhu-buhu, amma ni labari guda nake wa naci. Takan harare ni ta ce, "Ke dai ƙawata, ba ki gajiya da warin baƙin mai? To, ga ta nan gare ku, amma wagga babu ƙarya ciki."

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba kakanmu ya rasu. Ya bar gidan nan da tsohuwar bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda yake ɗauko salati da tumatir da ita daga garaken Gamkalle zuwa kasuwa. Mahaifina Hassan saurayi ne lokacin, kuma ya iya tuƙi. Sai dai motar ta kwanta a bakin titi. Mai yana zuba daga bwat, wato akwatin da ke sauya gudun mota, domin zoben da ke tare man ya mutu. Nasaran da ke sayar da irinsa ya tattara ya koma ƙasarsu, masu gareji kuwa ba abin da suke cewa sai a jira.

Ana cikin haka Baba Sanda, wan marigayin, ya iso daga Tawa da hukuncinsa a aljihu. Da Kaka ta fita takaba za a sayar da gida da mota, kowa ya bi shi ƙauye. Kaka takan kumbura murya ta kwaikwaye shi: "Rabi, motar da ka hitsari ba ta ciyar da iyali." Ita kuma daga bayan labule ta ce, "Yaya, in ta bar hitsarin hwa?" Ya yi dariya ya ce in ta bari, ta zauna abinta.

Mai takaba ba ta fita, mota kuwa tana waje. Nan ne wurin da muke ƙagara ta iso. "An ce kar in hita. To, ban hita ba. Na ce ma Hassan ya ɗauko diga." Aka fasa katanga da rana tsaka, maƙwabta suna riƙe da baki, aka turo motar har tsakar gida.

Suka ɗaga ta a kan kututturan giginya. Hassan ya tsiyaye sauran man a ƙwarya, ya kwance sandar ƙarfen da ke kai wa ƙafafun baya ƙarfi, ya ɓamɓaro zoben ya miƙa mata. Ta jujjuya shi a hannu. Ƙarfe ne ta waje, ta ciki kuwa fata ce da ta bushe ta tsage, da wata siririyar waya da ke matse ta. Kaka 'yar dukawa ce, a cikin aikin fata ta tashi. "Ashe hwata ce! Don wagga za a tashe ni daga gidana?" Ta sa wuƙa ta yanki gugan rijiyar gidan, ta jiƙa fatar a narkakken kitse, ta murza ta a bakin sandar har ta ɗauki siffa.

Hassan ya sa zoben, ya mayar da mai, ya tayar da mota a gaban Baba Sanda. Man ya zubo shar, ya fi na da. Tsohon ya yi murmushi. Kaka ba ta taɓa ɓoye mana cewa ta shiga ɗaki ta yi kuka ba. Da ta gama, sai ta tuna da gugan da ta yanka: bakinsa ai ruwa yake fuskanta. Ashe da zai sa zoben, Hassan ya juya leɓen fatar waje, alhali ciki ya kamata ya duba, inda man yake, don nauyin man ya ƙara matse shi.

Wannan karon ba ta aiki kowa ba. Ta ɗaure zane tamau ta shige ƙarƙashin motar. Baba Sanda ya yi salati ya ce, "Rabi, takaba kike yi!" Muryarta ta fito daga ƙasa: "Cikin gidana nike, Yaya." Ta juya zoben, ta bi gefensa da guntun itace a hankali har ya zauna daidai. Aka zuba mai, Hassan ya zaga unguwa ya dawo, ta shimfiɗa farin mayafinta a ƙarƙashin motar. Da gari ya waye mayafin na nan fari tas. Baba Sanda ya duƙa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a miƙo masa jakarsa.

Da ina yarinya, na ɗauka labarin wayo ne. Sai da na girma, aka yi ta yanke mini hukunci ba a tambaye ni ba, na gane abin da take cusa mana. Kafin ka yarda an gama da kai, ka sa a buɗe abin ka gani da idonka, kuma in ya zuba karon farko, ka share hawaye ka koma ƙarƙashinsa. Har gobe in na tuna ta sai ƙirjina ya cika da alfahari.

An sha kawo tubali don a toshe giɓin, tana korar magina. Ranar da ta rasu, makara ta ƙi juyawa a ƙuntataccen zauren gidan. Ta giɓin aka fitar da ita, kuma ba Tawa aka nufa ba.