Iya a Kwamfutar Mai Hoto

Bayan cirar gyaɗa, wani mai hoto ya sauka a zauren mai unguwarmu. Ya jona kyamara da kwamfuta da wata baƙar waya, yana ɗaukar mutum, fuskarsa na fitowa nan take.

Da ya ɗauke ni na ɗaga kai, sai ga Iya, mahaifiyata, da tsagarta a kumatu. Na rusuna na ce, "Iya, ina wuni?"

Ya yi dariya. "Inna, ke ce fa! Kin ma rufe ido, bari in goge mu sake."

Na waiwaya neman wanda zan nuna wa, amma duk wanda ya san fuskar Iya ƙasa ta rufe shi.

Na ce, "Ɗana, bar ta tukuna, ban gama gaishe ta ba."