Ranar da Aka Ce Baƙi Su Tashi

Mahaifiyata tana da wani ciwo da ba ya tashi sai watan Disamba. Da zarar zumuntar mata sun fara koyon waƙoƙin Kirsimeti a cocinmu, sai ta fara: "Yanzu a gida an gama sussukar acca. Yanzu a gida 'yan mata suna can suna kitso." Tana tankaɗe tana faɗi, tana wanki tana faɗi. Gidan da take nufi wani ƙauye ne a kan duwatsun Filato, inda aka haife ta, aka yi mata baftisma, aka aurar da ita. Ni kuwa a gefen Kura aka yanke mini cibiya, kuma ban taɓa yin Kirsimeti a wani wuri ba.

Babana manomin rani ne, shi ya sa ba ma zuwa. Kirsimeti kan zo daidai lokacin da tumatir ke fure, ga ruwa ana sakowa a kanal bi da bi, wanda ya bar gonarsa ranar da layi ya zo kansa sai ya jira wani zagayen. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Baɗi, in Allah ya kai mu." Mama takan je can in an yi rasuwa, ta kwana biyu ta juyo, amma ta ce wannan ba zuwa gida ba ne, zuwa kuka ne.

Haka mukan tsaya muna kallon jama'a suna tafiya. Masu shago, masu aikin gona, malaman asibiti, kowa ya ɗora buhun shinkafa da albasa a bayan mota ya nufi kudu. Ranar Kirsimeti cocin da ba ya ɗaukarmu sai ya koma kamar kasuwar Bunkure ranar da ba ta ci. Mama takan ɗaga murya a waƙa kamar za ta rera ta waɗanda ba sa nan, ta dawo ta dafa shinkafa, ta aika wa maƙwabtanmu Musulmi. Su kuma su leƙo su ce, "'Yar Jos, barka da biki," alhali ba ta taɓa zama a Jos ba. Da la'asar sai ta zauna a bakin ƙofa ta yi shiru.

Shirun nan ne ya daɗe yana cin raina. Me ke cikin Kirsimetin can wanda babu a tamu? Shinkafa dai shinkafa ce, karatun haihuwar Almasihu kuma ɗaya ne ko'ina. Na sha tambayarta, don ni ba na iya haɗiye tambaya. Sai ta ce, "Ba za ki gane ba. A can ba sai mutum ya yi bayanin kansa ba."

Bayan babana ya rasu, gona ta koma hannun yayana, sai na ce bana kam sai na ga abin nan da idona. Ni tela ce, Disamba kuma lokacin da masu kawo ɗinki ke neman haukata ni ne, amma na sallami kowa da wuri, na ɗinka mata koriyar atamfa. Matar nan ta koma kamar amarya. Ta haɗa tsaraba har sai da direba ya tambaya ko ƙaura muke yi.

Gaskiya an tarbe mu. Kawuna, ƙanenta, ya fito da gudu ba takalmi, matarsa ta rangaɗa guɗa, aka kawo kujera mai taushi daga ɗaki aka ajiye mata a inuwa. Garin ma ya yi mini kyau, duwatsu kan duwatsu, ga iska mai daɗi. Na ce a raina, to, ashe dai tana da gaskiya.

Washegari, jajibirin biki, mata suka haɗa murhu a tsakar gida. Mama ta ɗaure zani, ta je ta ɗauki muciya. Matar kawu ta taso da sauri ta karɓe.

"Haba Yaya! Ku da kuka sha hanya? Ina aka taɓa sa baƙo aiki? Ki je ki huta."

Ta koma kujerarta mai taushi. Can ta tashi za ta nuna mini hanyar rafin da suke ɗebo ruwa suna yara, muka tarar an yi gini a kan hanyar, kowa famfo yake zuwa yanzu. Ta yi wa jikokin kawu magana da yarensu, suka amsa mata da Hausa. Da ta juya Hausar sai suka fashe da dariya, wai Kaka tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ta tambayi ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta rasu, waccan tana Abuja wurin ɗanta, wata kuma tana nan amma ba ta gane mutane.

Safiyar Kirsimeti coci ya cika har waje. Mata suka buga tulu da caki, aka ɗauki wata tsohuwar waƙa da yare, na waiga na ga Mama ta rufe ido tana bi, ko kalma ɗaya ba ta ɓace mata ba. Na ce yau na kama abin da nake nema.

Sai sakataren coci, wani saurayi mai fara'a, ya ɗauki lasifika ya ce baƙi su tashi a marabce su. Ni na miƙe, don ni baƙuwa ce ba gardama. Mama ta yi zamanta. Matar da ke gefenta ta taɓa ta da gwiwar hannu.

"Mama, ke ma ai baƙuwa ce, ki tashi."

Saurayin ya hango su. "Mamanmu mai koren zani, daga ina?"

Ta tashi a hankali. Ta faɗi sunan mahaifinta, ta ce yana cikin waɗanda suka ɗauko duwatsun harsashin ginin nan a ka, kuma a cikin cocin nan aka ɗaura aurenta. Wasu tsofaffi a baya suka gyaɗa kai. Sauran suka tafa, irin tafin da ake yi wa kowa. Kawu ya ɗaga murya ya ce daga Kano suka zo.

"Madalla!" in ji saurayin. "Mun gode, Mama daga Kano. Allah ya mai da ku gida lafiya."

Raina ya ɓaci har na ji kamar in je in fizge lasifikar. Amma me yaron ya yi? Addu'a ya yi mata da zuciya ɗaya.

Bayan an ci abinci ta ja ni muka hau wani falalen dutse a bayan gida. Na yi ƙoƙarin riƙe bakina, na kasa.

"To Mama, wannan ce Kirsimetin?"

Ta yi 'yar dariya. "Ita ce mana. Ba abin da aka rage. Waƙar ce, abincin ne. Ni ce na zaci zan tarar da uwata a bakin murhu tana yi mini faɗa na bar wuta ta mutu." Ta goge ido da gefen ɗankwali. "Kin ji karatun yau? Garin kakannin Almasihu aka kai uwarsa ta haife shi, cikin danginsu, aka ce babu masauki. Tun ina yarinya nake jin wannan, ina tausaya musu don sun kwana da dabbobi. Sai yau na ji inda abin yake da zafi."

Tausayinta ya kama ni, har na yi da-na-sanin kawo ta. Na faɗa mata haka.

"A'a, gara da kika kawo ni," in ji ta. "Da na mutu ina tsammanin a nan na bar gida. Shi dai Ubangijina ya san yadda abin yake. Ranar da na isa wurinsa ba zai tambaye ni daga ina ba."

Muka zauna muna jin kiɗan 'yan rawa daga filin coci. Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"Ki je tasha ki tambaya ko akwai motar Kano gobe."

"Mama, ai sai bayan sabuwar shekara muka ce."

"Na sani," in ji ta. "Ki dai je ki tambaya."