Akwatunan da Na Ɗaura wa Taubashina

Kunnena na hagu ba ya ji. Taubashina ne sanadi. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana. Tare muka tashi a Gaya, a kwano ɗaya muka ci tuwo. Shi yana ce mini bawansa, ni ina ce masa bawana, kuma har yau ba a raba wannan gardama ba.

Lokacin soja ne. An rufe iyakar Najeriya, gari ya cika da masu kaki, kowace hanya da shingenta. Ni sana'ata ɗaukar kifi. Ina da babban moto, wato babur, na hannu, irin masu dogon ƙaho da faffaɗan mazauni da ake saukewa a Kwatano. Da safe in tafi Tunuga, in karɓi kifin banda wajen mata, in kawo Gaya kafin manyan motocin Dosso su tashi.

Tsirara na sayi moton. Na taɓa aikin walda, don haka da hannuna na yi masa kaya. Akwati biyu na ƙarfe, ɗaya dama ɗaya hagu, da ƙananan ramuka a sama don kifi ya sha iska. A gaba na yi masa garkuwa mai tare iska da tsakuwa, da taga ta fitila. Na shafe su da koren fenti. Matan Tunuga ba sa jiran ganin fuskata. Da sun hango koren akwati a kan tudu sai su fara fito da kwanduna.

Irin moton nan kashi biyu ne. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban san abin da aka rubuta a jikinsu ba. Mu dai wa da ƙane muke ce musu. Wan shi ya fara zuwa, shi ne nawa. Daga nesa ba ka raba su. In ka durƙusa sai ka ga bambanci. Ramukan bulon na ƙanen, inda kusoshin ɗauri ke shiga, sun matsa baya da yatsa uku. Tankinsa ya fi faɗi, fitilarsa ta fi girma. Bututun hayaƙin wan yana kwance ƙasa kusa da taya. Na ƙanen biyu ne, duka a dama, kuma suna ɗagawa sama ta baya. Kayan wa ba sa hawa ƙane sai an yi musu aiki.

Akwai mai shayi daura da ƙofar bariki. Sojoji na zama wurin, mu ma muna zama. Wata rana na tsaya shan shayi, taubashina na kan benci, wani ajidan na soja na gefensa. Ajidan ɗin shi ke riƙe da shingayen gari. Taubashina ya dubi motona ya yi dariya.

"Ajidan, ka ga bawan nan nawa? Akwatunansa kamar saniya suke. Ciki biyu gare su. Na sama kifi, na ƙasa Allah kaɗai ya sani."

Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi. Ajidan bai yi ba.

Kafin la'asar ina cikin bariki. Suka farke gindin akwatunan da gatari, ba su ga komai ba. Rashin ganin ya ƙara musu haushi. Suka ce in faɗi inda na ɓoye ainihin akwatunan. A nan kunnen ya tafi, da haƙoran gefen. Da shuka suka kama ni, ana yankan gero suka sake ni. Moton bai fito ba. Na tambaya sau ɗaya, aka tambaye ni ko ina son komawa ciki.

Ranar da na fito da ƙafa na zo gida. A bakin kasuwa na ga koren akwati. Taubashina ne a kan sabon moto, ƙane, da akwatunana ɗaure da igiyar roba, garkuwata tana lilo a gaba da waya. Sojoji sun jefar da su bayan katanga, shi ya tsinta. Da su ya je Tunuga. Mata suka ga kore suka fito da kwanduna. Ya gaji hanyata duka, har ya ƙara da wata: shi ke kai wa kicin ɗin bariki kifi.

Na kai ƙara wajen manyan gida. Suka zauna a zauren babana. Taubashina ya zo yana murmushi ya ce wasa ne ya yi, bai san soja ba ya jin wasa ba. Akwatuna kuma, ai kayan bawa na ubangidansa ne. Wani kawu ya yi dariya. Babban wan babana ya ce, "Taubashi ne. Ba a fushi da taubashi, ba a yi masa shari'a. Abin da ya same ka rubutacce ne." Gwaggo ta riƙe hannuna tana kuka ta ce, "Ɗana, ka bar shi don ni."

Na ce na bari.

Na kafa rumfar walda a hanyar gada. Ina gyara amalanke, ƙofofi, ƙafar murhu. Kullum da hantsi yana wucewa ta gabana, akwatuna na kaɗawa, sai ya danna oda ya ɗaga hannu.

"Bawana, a yi aiki da kyau."

"A sauka lafiya, bawana."

Damina ta sake zuwa ta wuce. Na ci gaba da waldata. Na san roba ba ta riƙe ƙarfe har abada.

Da bazara ya zo. Akwatin hagu ya faɗi a hanya, kifi ya watse cikin rairayi. Ya kai wa wasu masu walda biyu, suka ce ba su san kan kayan ba, ya kai wa wanda ya ƙera su. Ya jingine moton a rumfata ya zauna kan bencina ba sallama.

"Tashi ka yi wa ubangidanka aiki. Ina son su zauna daram kamar da su aka haifi moton."

"Da me za ka biya?"

"Da albarka. Bawa na neman lada?"

Na kwance akwatunan na kifa su. A nan na ga gyaran da ya yi wa gindinsu. Ubansa mai jirgin ruwa ne, a bakin kogi ya koyi toshe ɓaraka. Yadda ake yi wa jirgi haka ya yi. Ya shimfiɗa katako inda gatari ya farke, ya cusa tsumma a tsaga, ya narka kwalta ya zuba da kauri har ta rufe komai. A kai ya shimfiɗa guntun tabarma. Aikin ya yi kyau. Ruwa ba zai shiga ba ko an jefa akwatin a kogi. In kwalta ta yi sanyi ba ta wari. Igiyar roba kuma ta rataye akwatin daman can sama, nesa da bututu, shi ya sa bai taɓa ganin komai ba.

Na daɗe ina kallon gindin nan.

"Me kake kallo? Ka ga aikin gwani?"

"Na gani."

Da garkuwa na fara. Ita ce mai kisa. In ka ɗaura garkuwar wa a kan ƙane yadda take, faɗin tanki na turo ta sama, ƙaho ya riƙa dukanta. A miƙaƙƙiyar hanya ba ka sani ba. Sai ka zo kwana ka juya ƙaho ya ƙi juyawa. Akwai wata kwana a hanyar Tunuga, gefen gonakin shinkafa, da rami a ƙasanta. Na tuna da ita. Na riƙe garkuwar a hannu ina tunanin kwanar. Sai na tuna gwaggo ba ta da wani ɗa namiji. Kuma gawa ba ta jin kunya, ba ta jin zafin mari. Na yanke gefen garkuwar, na faɗaɗa tagar fitila, na yi mata sababbin ƙafafu. Na juya ƙaho dama da hagu har ƙarshe, bai taɓa komai ba. Ban taɓa yin garkuwa mai kyau kamar wannan ba.

Sai akwatuna. Na yanko ƙarfe na yi musu maɗauri da ya dace da ramukan ƙane. Na hagu ya zauna ba gardama. Na dama na ɗaga shi tafin hannu guda sama da bututu, yadda ya kamata, na riƙe shi a nan don ya gani.

"Wannan fa? Ɗaya sama ɗaya ƙasa? So kake a ce motona jaki ne da kaya ya karkace?"

"Bututu ne a ƙasa."

"Bututu cizo yake yi? Daidaita su. Ina shiga bariki da moton nan, manya na kallo."

Ana iya ɗaga na hagun su yi daidai a sama. Ana iya sa farantin ƙarfe tsakanin bututu da akwati. Bai tambaya ba. Na ce, "Yadda ka ce, ubangidana." Ya ji daɗin kalmar har ya tafa. Na sauke akwatin dama har sai da yatsa ɗaya kawai ke shiga tsakaninsa da bututu. Na ɗaure bulon tamau. Ya zaga kasuwa ya dawo, ya taɓa akwatin, ɗumi kaɗan. Zagayen kasuwa ba ya zafafa bututu. Rairayin Tunuga da rana tsaka, da kaya cike, shi ke mayar da shi garwashi.

Ya ce ranar Alhamis manya za su zo bariki daga Dosso, ajidan ya ce a kawo kifi mafi kyau. Da kuɗinsa zai saya, don ribar ta zama tasa shi kaɗai. Na ji daɗin haka. Matan Tunuga ba su yi mini komai ba.

Ranar Alhamis na rufe rumfa na tafi wajen mai shayi. Na zauna a bencin da ya zauna a wancan karon. Rana ta take sai ga shi, garkuwa na ƙyalli, akwatuna daram. Warin ya riga shi isowa. Ajidan na tsaye a ƙofa da mai dafa abinci. Aka buɗe na hagu, lafiya. Aka buɗe na dama, hayaƙi ya tashi. Kwalta ta narke ta hau tabarma ta shiga kifi. Mai dafa abinci ya ɗaga ɗaya, biyar suka biyo shi a manne, baƙi ƙirin, zare na zuba. Rabin kifin manyan baƙi ke nan.

Ajidan bai ɗaga murya ba. Ya ce wa taubashina ya zauna a ƙasa. Ya ce ya ci. Taubashina ya ci ɗaya, ya ci na biyu, amai ya zo. Ya nuno ni da hannu yana cewa ga wanda ya ɗaura can. Ajidan ya yafito ni. Na tsallaka hanya, na juya masa kunnen da ke ji.

"Kai ka yi wannan aiki?"

"Ranka ya daɗe, ƙarfe na ɗaura, ga shi bai motsa ba. Katako da kwalta a ciki na same su."

"Me ya kawo katako gindin akwatin ƙarfe?"

Na dubi taubashina. Bakinsa baƙi, idonsa na roƙo. Na yi dariya yadda ya yi.

"Bawana ne, ajidan. Wataƙila cikin na biyu ne ya narke."

A wannan karon ma ajidan bai yi dariya ba. Ya ce a kawo gatari.

Bai daɗe a ciki kamar ni ba. Gwaggo ta yi ta zarya har aka sake shi kafin ruwan farko. Ya fito yana jan ƙafar dama, har yau yana janta. Motonsa bai fito ba. Akwatunan da garkuwar an sake jefa su bayan katanga, na je da amalanke na kwaso abina.

Gwaggo ta zo rumfata. Ba ta zauna ba.

"Ɗana, ka ce ka bari."

"Na bari, Gwaggo. Wasa ne."

Ta tsaya tana kallona, sannan ta gyara mayafi ta tafi. Shi kuma ya kai ƙara zauren babana. Manyan nan dai suka zauna. Babban wan babana ya saurare shi har ya gama, ya dube ni, ya dubi ƙasa. Abin da ya faɗa mini shi ya faɗa masa, bai ƙara kalma ba bai rage ba. Kawun da ya yi dariya a wancan zama ya tashi ya ce zai je alwala.

Ban sake hawa moto ba. Wan moton ya daina zuwa daga Kwatano, ƙanen kuma ban so shi ba. Hanyar Tunuga wasu suka gaje ta. Na ƙanƙare kwaltar, na yi wa akwatunan sabon gindi na ƙarfe, na sake musu koren fenti. Suna rataye a bakin rumfata, inda mai wucewa zai gani. A na hagu nake ajiye guduma da ƙarafa. Na dama ba na sa komai a ciki.

Yanzu goro yake sayarwa a bakin gada. Dole ta gabana yake bi, safe da yamma, a hankali saboda ƙafar. Yakan tsaya ta gefen hagu ya yi magana, don ya san ba na ji ta nan. Ni kuma in miƙa masa benci mai gajeriyar ƙafa. Ran sallah muna cin tuwo a kwano ɗaya. In an kawo kifi, ni nake tura masa.